Baba Ya Ce Ya Ƙoshi

A garinmu in za a buɗe gidan abinci, ni ake fara gani kafin a ga tukunya. Ba cika baki ba ne, tambayi kowa. Sana'ata ta gaskiya sayar da caja da marfin waya a bakin tasha, amma sunan da ya bi ni shi ne Cokali, wai don ina yawo da cokalina a aljihu. Sharri ne. Sau ɗaya na yi, shi ma don cokulan wajen ba sa ganin sabulu ne. Ni ne mai labarin abinci a guruf ɗin 'yan gari na waya: wa ya buɗe, wa ya rufe, wa ya rage girman faranti yana tsammanin ba mu da ido. Ba wanda ya naɗa ni. Na ga kujerar ba kowa ne, na haye.

Gidajen abincin garin nan ba su da tsawon rai. Mai Fanka ya buɗe da kiɗa da balan-balan, kafin warin fenti ya fita ya koma shagon katifa. Na kusa da gidan mai, wanda muke ce wa Jira Kaɗan, don komai ka nema amsar ke nan, ya rufe mutane suna kan jira. Duk na rubuta su, ana ta turo mini dariya.

Wuri ɗaya ne ban taɓa rubutawa ba, don shi ba labari ba ne, kullum yana nan: wajen Inna. Ɗaki ne guda a layin masu gyare-gyare, da 'yan tebura, da benci, da labulen da ba wanda ya tuna asalin launinsa. Ba allon suna. Zauna Kawai muke ce masa. In ka shiga ka buɗe baki za ka faɗi abin da kake so, Inna za ta nuna ka da ludayi ta ce, "Zauna kawai." Sai ta shige bayan labule, ta fito da faranti ta dire maka, ta juya. Yau shinkafa da wake, gobe taliya, jibi dankali da romo. Ba tambaya, ba zaɓe. Baƙi sukan ji haushi, wani har ya ce shi ba ɗan fursuna ba ne. Mu dai a haka muka taso muka gan ta.

Babana mai gyaran keken ɗinki ne, shagonsa na kallon ƙofarta, titi ne kawai tsakani. Umma ta rasu ina firamare, tun lokacin a can yake cin abincin rana. Da Yaya ta yi aure ta bar gari, sai ya zama shi ne abincinsa na kirki a yini, don ni girkina ko kyanwa ta shinshina sai ta yi mini kallon raini. Rana na take tsaka, Baba zai goge baƙin man hannunsa da tsumma, ya gitta kujera a ƙofar shago alamar yana dawowa, ya tsallaka. Wurin zamansa ɗaya, ƙarshen benci, jikin bango. Ƙeyarsa har ta yi wa fentin tabo.

Wata safiya na biyo layin na tarar ana loda tukwane a bayan mota. Inna na zaune a kujerar roba ta miƙe ƙafafu, 'yarta da ta zo daga wani gari tana ta ba masu ɗauka umarni.

Na ce, "Inna, ina za a kai mana kayan aiki?"

"Kayan aikinku? Kai ai naka aikin a baki yake." Ta dafa gwiwa. "Waɗannan sun ce sun gaji, Cokali. Wannan 'yar tawa kuma ta rantse ƙafarta ƙafata."

"To mu marayu fa?"

"Ku je sabon wurin nan na masu gilas mana. Ba kai ke yi musu talla ba?"

Na ce ta zauna, ni zan riƙa goya ta daga gida zuwa murhu. Ta ce wannan bayan nawa ko buhun gawayi ba zai ɗauka ba. Muka yi dariya. Sai ta dubi tsallaken titi. Shagon Baba a buɗe yake, shi yana can ciki ya duƙufa a kan keke, kamar duk ƙarar tukwanen nan ba a kunnensa ake yi ba.

Ta ce, "Ka kula da tsohon nan."

Na ce an gama. Na ɗauka irin maganar sallama ce da kowa ke yi.

Sai da direba ya tayar da mota Baba ya fito bakin ƙofa, sukudireba a hannu. Ya ɗaga ɗaya hannun ya ce, "Allah ya kiyaye hanya." Inna ta ce amin ta taga. Shi ke nan fa. Shekara da shekaru, abin da suka ce wa juna ke nan.

Ranar na daɗe ina riƙe da waya, ina neman abin dariya na rasa. Daga ƙarshe na rubuta, "Inna ta rufe." Aka yi ta jimami na ɗan lokaci, can wani ya ce, "Cokali, wai Mai Gilas da gaske suna da na'urar sanyi?" Hira ta koma can.

Mai Gilas sabon wuri ne da aka buɗe a shataletale, gabansa duk gilashi, ma'aikata da jajayen huluna. Na ce to, faɗuwa a nan, tashi a can. Washegari na je na ɗauko Baba, na ce yau ɗansa ne zai fitar da shi kunya. Ya biyo ni ba musu. Muka zauna, sanyi na dukanmu, wata yarinya mai jar hula ta kawo takarda mai hotunan abinci, ta ɗan rusuna.

"Sannu Baba. Me za a kawo maka?"

Baba ya karɓi takardar da hannu biyu kamar takardar kotu. Ya duba gaba, ya juya baya, ya sake juyowa. Ya miƙa mata.

"Na ƙoshi, 'yata. Rakiya na yi."

Na ce, "Baba, ka ƙoshi da me? Iska?"

"Na sha shayi da safe. Kai ka ci."

Na ci. Wallahi na ci, yana zaune yana kallon motoci ta gilas, hannayensa a kan gwiwa. A raina na ce wurin ne ya yi masa ƙyalli da yawa, tsoho bai saba da sanyin inji ba.

Daga nan na sa wa kaina aiki. Kullum rana ta yi, sai in bar wa maƙwabcina teburin caja, in zo shago.

"Baba, me zan sayo maka?"

"Na ƙoshi, Auta."

"Akwai shinkafa, akwai taliya, akwai kifi a wajen matar nan ta bayan asibiti, an ce har likitoci suna layi."

"Duk wanda ka ci, ka ci mini."

Wata rana na ce bari in yi dabara, na sayo na zo da shi a leda. Na ɗaga masa na ce, "Ga shi da zafinsa, za ka ci ko?" Ya ce in ci, ni ne mai yawo a rana. Na ce in ajiye masa? Ya ce kada ya lalace a banza. Na tsaya ina lallashi, ina zuba, ina kwaikwayon muryar mai talla a rediyo, har ya yi murmushi. Murmushin ya yi, abincin kuwa ni na cinye a tasha.

Abin da ya fi ci mini rai, bai daina shirin ba. Rana na take tsaka zai goge hannu da tsumma, ya ɗauko kujera ya kawo ƙofa. Sai ya tsaya. Ya dubi tsallake, inda masu fenti suke shafe bangon Inna da shuɗi. Can sai ya zauna a kujerar da ya kamata ta tsare masa shago, ya yi ta zama har lokacin cin abinci ya wuce, ya koma ciki. Da aka gama fentin, wani gaye ya kama ɗakin ya zuba caja da marfin waya. Sana'ata sak. Kamar da gayya.

Ni da nake ganinsa kullum ban lura da wuri ba. Wani tela ne da ya kawo gyaran keke ya tare ni a ƙofa.

"Cokali, kai kana ta kumatu, tsohonka yana ƙarewa. Abincin nasa kake haɗawa da naka?"

Na ce ai shi tsoho gayu yake yi, rage tumbi ake yayi. Tela ya yi dariya ya tafi. Ni kuwa na shiga na dubi Baba sosai. Agogonsa ya zamo har bayan hannu. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. A kan teburin aiki ga bel ɗinsa, ya huda sabon rami da basilla, ramin ma ba na farko ba ne.

Na ja shi asibiti. Aka auna nan, aka danna can, aka ce lafiyarsa lau, ya dai riƙa cin abinci. Likitan ya ce, "Baba, kana jin yunwa kuwa?" Ya ce alhamdu lillahi, yana ci daidai gwargwado. Na kira Yaya, ta wanke ni tas a waya, wai gari guda ya san ni da abinci amma ubana na kwana da shayi. Na ce ta zo ta gwada mana. Ta ce da ciki wata takwas za ta hau mota? Ta sa kuka, ni ma na kashe wayar kafin nawa ya fito.

Sai na yanke cewa hannun Inna ne. Harshen tsoho ya saba da girki ɗaya, ba ya karɓar wani. To in haka ne, ai sai a nemo sirrin. Akwai direban da ke bin hanyar garin 'yarta, kullum a wajena yake cajin waya. Na ce ya samo mini lamba, in ba haka ba wayarsa ta mutu a hannuna. Ya samo.

Na koma bayan rumfar masu faci inda ba hayaniya, na kira. 'Yar ta ɗauka, na ji tana tafiya, ƙofa ta yi ƙara, sai ga muryar.

"Wa ke nan?"

"Inna, babban kwastomanki ne. Wanda ya fi kowa kyau."

"Cokali. Ka ci ka biya kuwa yau?"

Muka gaisa. Ta ce gwiwa da sauƙi, an sa ta a ɗaki mai talabijin, ko kicin ba a barinta ta leƙa. Ta tambayi mai faci, ta tambayi tela, ta tambayi wa ya kama ɗakinta. Da na gaya mata sai da ta yi dariya har da tari. Ba ta tambayi Baba ba. Ni na kawo shi.

"Inna, tsoho ba ya cin abinci. Ki taimake ni ki faɗa mini abin da kike sa masa. Me ya fi so? In wani haɗi ne, ko a ina ake sayarwa zan nemo."

Ina jin talabijin ɗin a bayanta.

"Ni ma ban san abin da ya fi so ba, ɗan nan."

"Haba Inna. Duk shekarun nan?"

"Abin da ya nuna a tukunya shi nake zuba masa. Bai taɓa cewa ya yi daɗi ba, bai taɓa cewa bai yi ba. Kai dai faɗa mini, in ka je wajensa me kake ce masa?"

"Ina tambayarsa abin da zai ci mana."

"Shi kuma ya ce ya ƙoshi."

Na ce, "Ke da wa kuka yi waya?"

"Da uwarka," in ji ta. "Lokacin da ciwon ya fara cin ƙarfinta, wata rana ta tsallako wajena tana dafa bango, ta zauna a bencin nan. Ta ce mini, mutumin nan tun da na aure shi ban taɓa jin ya ce yana jin yunwa ba. A gidan kawunsa ya tashi, inda in aka tambayi yaro ko zai ƙara ya ce e, sai a yi mako ana kiransa mayunwaci. To bakinsa ya ƙulle a nan. In kin tambaye shi zai ce ya ƙoshi, ko da wuni ya yi bai sa komai a ciki ba. Ki ajiye masa kawai ki juya baya, kada ki tsaya a kansa."

Na jingina da tarin tayoyi.

Ta ci gaba. "Da can ina tambayar mutane kamar kowa, kai kana ƙarami ba za ka tuna ba. To da ya fara zuwa, na ga in shi kaɗai nake yi wa haka zai gane, ya ji kunya ya daina zuwa. Sai na daina tambayar kowa. Aka yi ta ƙorafi, wasu suka gudu, wasu suka saba. Daga baya ma na ga ya fi mini sauƙi."

"Wato gari guda aka hana zaɓe saboda Baba?"

"Wa ya mutu? Kai ba ga ka nan da kumatu ba?"

Na yi dariya, amma ta fito a karkace. Na ce me ya sa ba ta faɗa mini ba ranar da za ta tafi. Ta ce ta ce in kula da shi, ta ɗauka ɗan da ya tashi a gidan ya sani. Yayata ai ba ta taɓa tambayarsa ba, zubawa take ta kai masa yadda ta ga uwarta na yi.

"Kai ne dai Allah ya yi ka da baki kamar famfon da ya lalace. Ka iya yin shiru kuwa?"

"Zan gwada."

"Gwada. Kuma ba a roba ba, a faranti." Can ta ce, "Ya rame sosai?"

Na ce kaɗan. Ta ce to. Ta ce a gaishe shi, sai kuma ta ce a'a, in bari kawai, kada ya san an yi maganarsa.

Washegari na ɗauko faranti da cokali daga gida na sa a jaka. Na je Mai Gilas, mai jar hula ta ce, "Yau me za a ba mai labarai?" Na dubi hotunan nan, na ga ashe ni ma ban san abin da ubana ke so ba, kuma ba wanda zan tambaya. Na ce ta zuba abin da aka sauke yanzu. Shinkafa ce da miya da yankan kifi. A bayan shagon tela na tsuguna na juye a faranti, na goge gefen da hannun rigata.

Baba na zaune a kujerar ƙofa, ya riga ya goge hannu. Na wuce shi na shiga ciki, na ture gwangwanin mai da ƙananan sukurori gefe, na dire farantin a kan teburin aiki. Maganganu sun taru mini a maƙogwaro kamar fasinjoji a ƙofar mota: ga shi, da zafi, ka ɗanɗana, kifin sabo ne. Na haɗiye su duka. Na fito na tsallaka titi, ban waiwaya ba.

Ban da wurin tsayawa sai shagon abokin hamayyata. Na shiga na ce ya nuna mini caja. Ya dube ni ya ce, "Kai ba kai ne na tasha ba?" Na ce bincike nake yi, ya fito da su. Yana ta bayani, ni idona na kan gilashin akwatin kayansa, inda nake hango ƙofar Baba a juye.

Ya daɗe a kujerar. Har na ce shi ke nan, Inna ma ta yi kuskure. Sai ya tashi ya shiga. Ya tsaya a kan farantin. Ya leƙo waje, dama da hagu. Ya ja kujerar aiki ya zauna, ya juya wa titi baya, kafaɗarsa ta fara motsi.

Gayen ya ce, "Malam, za ka saya ko kuka za ka yi mini a shago?"

Na ce fentinsa ne ke shiga ido, ya nemi mai kyau.

Sai da na ga Baba ya ɗago na koma. Ya ci wajen rabi, ya rufe sauran da murfin gwangwani. Na yi kamar ina neman wani abu a aljihun tebur.

Ya ce, "Wannan wa ya dafa?"

"Masu jar hula."

"Sun cika mai."

"Zan rubuta a guruf."

Ya sha ruwa. Ya ɗauki tsumma yana goge yatsu ɗaya bayan ɗaya, idonsa a tsallaken titi.

"Direban nan ya ce ka karɓi lamba."

Na ce a raina wayar direban nan ta mutu. A fili na ce, "E, mun gaisa."

"Ƙafar da sauƙi?"

"Da sauƙi. An ba ta ɗaki mai talabijin. Ba sa barinta ta shiga kicin."

"Ita?" Ya girgiza kai. "To me take yi da rana?"

Na ce ban sani ba. Ya jawo keken da yake gyara, ya juya kan da hannu, allura ta hau ta sauka, ta hau ta sauka, ba zare a jiki. Na tattara cokali zan fita, sai ya yi magana ba tare da ya ɗago ba.

"Motar garin nasu, da safe take tashi ko da yamma?"

Bakina ya buɗe da kansa. Tambayar har ta zo kan harshe: za ka je ne? Na cije ta.

Na ce, "Da safe."

Ya ce, "To." Ya ci gaba da juya keken.

Na bar masa farantin a inda yake, na nufi tasha neman direba. Kujerar gaba nake so in kama wa Baba, jikin taga, kafin wani ya riga ni.